Sharhi: Ɓera Daga Bakin Ɗan'uwansa Yake Sanin Abin Da Zai Ci

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa kwana kusa da buhunan gero ya ga irin wannan. Ɓera ya fito daga bayan buhu, wani ya tare shi a bakin rami, su haɗa hanci, na ramin ya yi ta shinshinar bakin wanda ya dawo. Mu a ganinmu gaisuwa ce. Alhali labarin abinci ake karɓa.

Wanda ya ƙarar da shekarunsa a kan wannan shi ne Bennett Galef na Jami'ar McMaster da ke Kanada. A 1983, shi da abokin aikinsa Wigmore sun ware babban ɓera guda, suka ba shi abinci mai ƙamshin kirfa ko na garin cakulan, sannan suka haɗa shi da wani na 'yan mintoci. Da aka ajiye wa na biyun abincin iri biyu, sai ya fi karkata ga wanda ya ji a bakin ɗan'uwansa, ko da yake bai taɓa ɗanɗana shi ba, bai kuma ga ana cinsa ba. A 1989 Paola Valsecchi da Galef suka nuna ƙananan ɓerayen gida ma haka suke.

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. To, a nan warin abinci shi kaɗai ba ya wadatarwa. In aka shafa kirfar a auduga aka miƙa masa, zai shinshina ya wuce, babu abin da ya canza. Sai ƙamshin ya zo a haɗe da numfashin ɓera mai rai, ko da an yi wa wannan ɓeran allurar barci. A 1988 aka gano sinadarin da ke cikin numfashin, kabon daisalfaid, a 2010 kuma Steven Munger da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayoyin da ke cikin hancin ɓera masu kama shi. Ɓeran da aka lalata wa aikin waɗannan ƙwayoyi yana jin ƙamshi lafiya lau, amma ya daina koyo daga 'yan'uwansa.

Me ya kai shi ga wannan dogaro? Ɓera ba ya iya amai. Abin da ya haɗiye ya zauna ke nan, don haka kowane sabon abinci kasada ce da rai. Wanda ya ci ya dawo da ƙafarsa yana numfashi, shi ne shaida. Ƙananansu ma tun suna shan nono suke sanin ɗanɗanon abin da uwarsu ke ci, ranar da suka fara fita kuwa inda manya ke kiwo suke nufa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Galef ya sa wa mai kawo labarin ciwo, har ya galabaita, a ga ko ɗan'uwan zai guji abin da ya ji a bakinsa. Bai guje shi ba. Ya ma ƙara son sa. Wato numfashin nan "ci" kawai yake iya cewa, ba ya cewa "kada ka ci". Ƙin guba, kowane ɓera da cikinsa yake koyonsa, in ya lasa kaɗan ya sha wuya ya tsira.

Nan ne zancen ya shigo gidajenmu. Magidanci ya sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa, daren farko ɓeraye biyu su mutu, sauran su ƙaurace mata, sai ya ƙara yawanta, ya baza ta har inda yara ke rarrafe da inda kaji ke tsattsaga. Wannan ganganci ne, kuma bai ma san halin abokin gabarsa ba. Masana sun daɗe da lura da matsalar, shi ya sa maganin ɓera na wafarin, da ya fito a Amurka a 1948, sai bayan kwanaki yake kisa, yadda ɓera ba zai danganta ciwon da abin da ya ci ba.

Ni dai abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. Ɓera ɗaya da ya samu ƙofa a rumbunka, kafin gari ya waye ya kai ƙamshin dawarka bakin dukkan 'yan raminsu. Ga shi a yankinmu ɓarnar ba ta tsaya ga hatsi ba, domin wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci yake kama mutane. A liƙe tsagar rumbu, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, ragowar tuwon dare kuma a kife shi da murfi mai nauyi kafin a kwanta.