Kwalar Sarauniya Elizabeth da matan da suka sha wahalarta

To jama'a barkanmu da warhaka, na baya kuna jina ko? Madalla. Ku kalli hoton nan na allo, Sarauniya Elizabeth ta ɗaya kenan ta Ingila, ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603. Ku bar fuskar, wuyan za ku duba. Wannan farin abin da ya zagaye shi kamar faifai kwala ce, kuma ba a jikin rigar take ba, daban ake ɗaura ta.

Asalinta 'yar tattara ce a bakin wuyan riga, sitaci ne ya sa ta girma haka. A 1564 wata mata daga yankin Flanders da ke Beljiyam ta yau, Dinghen van der Plasse, ta zo Landan tana koyar da sa sitaci ana biyanta kuɗi masu kauri, daga nan fa abu ya zama gasa, kowace mai hali so take tata ta fi faɗi.

To amma wa ke aikin? Nan nake so mu tsaya. Doguwar tsiri ce ta lallausan lilin, wani sa'in da leshi a baki, an tattare ta a jikin bel ɗin wuya, mai wanki za ta wanke ta shafe ta da sitaci ta shanya, sannan ta gasa sandar ƙarfe a wuta tana cusawa lanƙwasa bayan lanƙwasa har ta zagayo, in ƙarfen ya yi zafi da yawa ya ƙona lilin, in ruwan sama ya taɓa kwalar ta langaɓe sai a koma farko. Manyan ma sai an tokare su da waya ta ƙasa. Ni a ganina abin da uwargida ke nunawa kenan, ita bata sunkuyawa aiki, akwai masu yi mata. Sitacin kuma daga alkama ake yinsa fa, abincin mutane.

Har launi ake sa masa. Wata mata a Ingila mai suna Anne Turner ta yi suna da sitaci rawaya, a 1615 aka rataye ta kan hannu a kisan wani bafade, Thomas Overbury, da guba, daga baya rawayan ya fita daga yayi. A Sifen kuwa Sarki Philip na huɗu doka ya kafa a 1623 ya hana manyan kwalolin nan saboda almubazzaranci. Hajiya naga kin ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.