Sharhi: Takarda ba ta tsayar da katafila

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum. A makon jiya na bi ta wani ƙauye a gabashin Haɗejiya inda ake aikin hanyar burji, kuma wallahi abin da na gani ya hana ni sukuni. Wata ƙatuwar kuka ce kwance a gefen hanya, katafila ta tumɓuke ta tun daga saiwa, dattawan garin suka ce min tun suna yara ungulu ke sheƙa a kanta, kuma ba ma kan layin hanyar take ba, wai wurin juyawar tifa ake nema. Sai na tambaye su, kafin a kayar da ita wa ya zo ya duba? Suka ce babu kowa.

To wannan tambayar ce sharhinmu na yau. Wa ya zo ya duba?

Kada wani ya ce babu doka, akwai ta. Tun 1992 aka kafa doka mai lamba 86 wadda ta ce ba a fara babban aiki, hanya ce ko dam ko layin dogo, sai an binciki illar da zai yi wa muhalli, an rubuta rahoto, an baje shi kwana 21 na aiki domin jama'a su gani su yi magana. Akwai dokar kare namun daji masu shirin ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007. Takarda kam mun tara ta. Amma takarda ba ta tsayar da katafila, mutum ne ke tsayar da ita, mutumin da ke tsaye a wurin aikin da sassafe kafin direba ya tayar da inji, wanda in ya ce dakata dole a dakata.

Ku duba yadda lokacin ya haɗu. Ɗan kwangila da rani yake aikinsa, ba laifinsa ba ne, damina ba ta barin mota ta shiga fadama. To da ranin nan ne kuma ungulu ke kwanci, ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗaya fa, in ka kayar da bishiyar a watan Janairu ka kashe zuriyar shekara guda kenan, ita kuwa ungulun nan da muka raina tun 2015 aka saka ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ku tambayi mahauta yaushe rabonsu da ganinta ta cika mayanka kamar da. Gauraka fa, yaran yanzu nawa ne suka taɓa ganinta da idonsu? Da ranin nan ne dai agwagin ruwa ke tasowa daga Turai su ketare sahara su sauka a dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma, wurin da duniya ta amince da muhimmancinsa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 2008. Su ma baƙi ne, mu kuma sai mu tarbe su da baƙin mai da aka tsiyaye a bakin kududdufi da ramukan marmara da aka haƙa aka tafi aka bari.

Na san me wasu za su ce, mutane na fama da tsadar abinci kai kana maganar tsuntsu. Haba jama'a. Wa ya ce kar a yi hanya? Mace mai naƙuda da ake ɗaukowa a amalanke ta fi kowa sanin darajar hanya, ni ma ina so. Cewa muka yi a duba kafin a sare, a kauce wa bishiya mai sheƙa da 'yan taku kaɗan ko a jira ɗan ya tashi, a sa kwalbati inda ruwa da kifi ke bi, a cike rami bayan an gama. Nawa wannan zai ci a cikin kwangilar biliyoyi? Kuma mu mutanen wannan yanki ai mun riga mun ga darasi, an gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya samu masauki a cikinta yana cinye shinkafa da gero. Masunci da manomi ne suka biya, ba tsuntsu kaɗai ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne tarar. A dokar nan ta 1992 kamfanin da ya karya ta ba zai biya fiye da naira miliyan ɗaya ba. Miliyan ɗaya! Kuɗin gas ɗin katafila na 'yan kwanaki kenan, to wane ɗan kwangila ne zai ji tsoro? Dole 'yan majalisarmu su taɓa wannan adadin. Kafin nan kuma gwamnatocin Jigawa da Kano na da abin yi a hannunsu, a rubuta cikin kwangila cewa ba za a biya kashi na gaba ba sai mai sa ido ya sa hannu, kuma mai sa idon kada ya zama ɗan kwangilar ne ke biyansa alawus, don wanda ka ci tuwonsa ba ka iya ce masa dakata. A haɗa shi da sarkin ruwa da maharba da bulama, su ne suka san inda dinya ke ƙwai da bishiyar da shamuwa ke dawowa duk shekara, babu injiniyan da zai zo daga birni ya san wannan cikin kwana biyu.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da reshensa na Dutse, ga hanyoyin karkara ana ta buɗewa, ga dajin Falgore da Baturiya da aka amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa. Ranka ya daɗe dagaci, mai unguwa, in katafila ta iso garinku kuna da haƙƙin ku ce a nuna muku rahoton, ku tambayi sunan mai duba aikin da ranar da ya zo. A ƙauyen da na faɗa muku akwai sauran kuka biyu a gaba, kuma aikin bai kai kansu ba tukuna.