Jawabina a taron ƙungiya ta Zoom, Manchester, Janairu 2021

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa, barkanmu da yamma. Wanda bai kashe makirufo ba don Allah ya kashe, muna jin ƙarar tukunya.

To ga shi an sake kulle mu karo na uku saboda korona, tun 4 ga wata da Firaminista Boris Johnson ya yi sanarwa, yara duk suna gida. Ni dai abin da ya same ni a kullen farko na Maris 2020 zan faɗa muku. Wallahi sai da na yi kwana uku cikin jallabiya ɗaya, ina kan waya har ƙarfe uku na dare ina bin adadin waɗanda suka rasu, in yi asuba ido na yaji in koma in kwanta sai azahar, abu kaɗan in hau yara da faɗa. Uwargida ce ta ce min Malam, ba korona ce za ta kayar da kai ba, wannan zaman ne. Na ji haushi amma gaskiya ta faɗa.

Salla na kama na ɗaura komai a jikinta. Bayan asuba babu komawa gado, wanka, sa kaya kamar mai fita aiki ko da falo zan zauna, shayi da burodi a kan lokaci. Bayan azahar in zaga unguwa ko na minti talatin, doka ta yarda a fita motsa jiki sau ɗaya a rana, kuma kun san yanzu ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, in ka ce sai anjima duhu za ka tarar, alhali hasken nan shi ke saita wa jiki lokacin barci. A haɗa da bitamin D, hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta ce maikirogiram 10 kullum, musamman mu masu baƙar fata. Bayan isha'i waya ta kwana a kicin.

Wanda ya kai sati biyu ba barci ba cin abinci, zuciya a cunkushe, ya kira likitansa, wato GP ɗinsa, wannan ba rashin tawakkali ba ne.

Sai ɗalibanmu da ke ɗaki ɗaya su kaɗai da masu aikin dare a gidajen tsofaffi. Sakatare zai sa sunaye a WhatsApp yau, kowa ya ɗauki mutum biyu ya riƙa kira duk Juma'a bayan la'asar, kira fa, ba saƙo ba.