Na'urar Daidaita Bugun Zuciya da Wasanni: Inda Haɗarin Yake

Masu kallo, assalamu alaikum. Tun lokacin da ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Denmak, Christian Eriksen, ya yanke jiki ya faɗi a fili a watan Yunin 2021, ya kuma koma taka leda a 2022, mutane da dama suke ɗauka cewa duk mai na'ura a ƙirji yana iya komawa kowane wasa. Ya kamata a sani cewa tasa na'urar mai bai wa zuciya girgizar lantarki ce idan bugunta ya rikice, wadda muke magana a kanta yau kuwa, wato na'urar daidaita bugun zuciya, aikinta hana bugun yin ƙasa, kuma likitocinsa sun auna shi sosai kafin su amince masa.

Ɗan akwatin da aka dasa ƙarƙashin fata, kusa da kafaɗa, shi kowa yake tsoron ya fashe, alhali murfinsa na ƙarfen titaniyom ne mai ƙwari. Raunin yana jikin siririyar wayar nan da ta fito daga akwatin, ta bi jijiyar jini har cikin zuciya.

A makonni 4 zuwa 6 na farko bayan dasa na'urar, bakin wayar bai gama kama naman zuciya ba. Saboda haka ne likitoci suke hana ɗaga hannun ɓangaren da aka dasa na'urar sama da kafaɗa, da ɗaukar kaya masu nauyi, domin fizga ɗaya tana iya zame ta daga mazauninta. Wannan ba ya nufin a ɗaure hannun ya zauna, gama kafaɗar da ba a motsa ta sandarewa take yi.

Bayan an warke sai haɗarin ya sauya kama, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Wayar tana ratsa wata matsattsiyar hanya tsakanin ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko. Duk lokacin da aka wurga hannu sama da ƙarfi, kamar a iyo, ko tanis, ko ɗaga ƙarfe, ƙasusuwan biyu suna iya matse ta, kuma wayar da ake ta lanƙwasawa a wuri guda, wata rana rufinta zai tsage ko ita kanta ta karye. Matashin kariya da ake sanyawa a ƙirji yana rage zafin duka, amma ba ya hana wannan matsi ko kaɗan. A ganina, wanda ya san wasansa tun kafin aikin dasa na'urar ya gaya wa likita, domin sau da yawa ana iya dasa na'urar a ɓangaren hannun da ba ya yawan amfani da shi.

Tafiya, da sassarfa, da tuƙa keke, galibi ba su da matsala, har ma ana ƙarfafa yin su. Dambe da kokawa kuwa, a guje su. Wayar salula da duk abin da yake ɗauke da maganaɗisu a nisanta su da na'urar aƙalla santimita 15, kada a sa su a aljihun ƙirji.

Idan bayan wasa aka ji jiri, ko numfashi ya yi wuya, ko shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ko wurin ya kumbura, a dakata nan take, a je asibiti a duba na'urar da wayarta a ranar.