Mai Kiran da Ya San Lambar BVN Ɗinka

Assalamu alaikum, jama'ar Sakkwato da kewaye. A duk lokacin da labari ya bazu cewa masu kutse sun shiga rumbun bayanan wani banki, ko kamfanin sadarwa, ko manhajar ba da rance, sun kwashi sunayen mutane da lambobin wayarsu, akwai damfara ta biyu da ke biyo baya, kuma sau da yawa ita ce ke raba mutum da kuɗinsa.

A ɗauka ɗan kasuwa ne yana zaune a rumfarsa a Babbar Kasuwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, daga sashen tsaron bayanai nake," sannan ya faɗi cikakken sunan ɗan kasuwar da ranar haihuwarsa, ya karanto masa lambobi 11 na BVN ɗinsa ba tare da kuskure ba. Daga nan sai ya shaida masa cewa bayanansa na cikin waɗanda aka sace, amma za a iya kulle su idan ya biya ɗan kuɗin rajista, ya kuma karanto lambar da za ta shigo wayarsa yanzu.

A nan ne ya kamata mu tsaya. Sanin sunanka da BVN ɗinka ba hujja ba ne cewa mai kiran ma'aikacin banki ne, domin waɗannan su ne ainihin bayanan da suka fita, kuma duk wanda ya saye su a hannun masu kutse zai iya karanto maka su. Abin da bai samu ba shi ne lambar sirrin katinka da lambar OTP, wadda banki ke turowa don tabbatar da cewa kai ne ke fitar da kuɗi. Su ne ya kira domin ya nema, kuma da zarar ka furta su zai iya kwashe abin da ke asusun kafin ka ajiye wayar. Babu bankin da zai nemi waɗannan lambobi ta waya. Haka kuma babu kamfanin da zai iya goge bayanan da suka riga suka shiga hannun mutane da yawa, komai kuɗin da aka biya shi, don haka wanda ya yi maka wannan alkawari ƙarya yake yi.

Ba a nan kaɗai ake yin haka ba. A 2017 an sace bayanan mutane kusan miliyan 147 daga Equifax, wani kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin mutane, kuma a cikin ruɗanin da ya biyo baya har ma'aikatan kamfanin sun riƙa tura mutane wani shafin bogi bisa kuskure, saboda sunansa ya yi kama da na gaskiya. Idan ma'aikata sun ruɗe, ina ga dattijon da aka turo wa mahaɗi ta WhatsApp, ɗauke da tambarin bankinsa?

A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ta kuma wajabta wa kamfanin da aka sace bayanan da ke hannunsa ya sanar da ita cikin sa'o'i 72 idan akwai haɗari ga mutane. Nauyin yana wuyan kamfanin, kuma dokar ba ta ce ka biya kowa ko kwabo ba.

Saboda haka, idan irin wannan kira ya zo, ka katse shi ko da mai kiran yana rantsuwa cewa za a rufe asusunka yau, domin gaggawar da yake ɗora maka ita ce makaminsa. Ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM, ko ka taka da ƙafarka zuwa reshen bankin. Ka sauya lambar sirrinka, kada ka shigar da wata manhaja da baƙo ya turo maka, kuma idan layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabtanka na aiki, ka hanzarta zuwa ofishin kamfanin sadarwar, don mai yiwuwa wani ne ya sake yankar layin da sunanka.

Wanda kuma ya riga ya bayar da lambar, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya nemi banki ya rufe katin da asusun nan take, ya adana saƙonnin da lambar da aka kira shi da ita, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware kokensa ba, yana da damar rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.