Ma'aikacin da Kawu ya daɗe yana murƙushewa a lambu

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Hazo ya rufe gari, kowa ya lulluɓe. Ina tare da Asma'u kamar kullum, yau kuma ta ɗauko mana kawunta, Kawu Ummaru, mai noman rani a fadamar Kwalkwalawa. Kawu, barka da zuwa, ya sanyi?

Kawu Ummaru: Sanyi lokacinai na, Nasiru. Ɗiyar ga tawa ta jawo ni nan don ta ba ni kunya gaban jama'a.

Asma'u: Haba Kawu, wane ni! Labari kawai zan bayar. Makon jiya na je lambunsu, na tarar da su a tsugune cikin kabeji suna murƙushe wasu ƙwari da yatsa. Da na duba sai na ce innalillahi, Kawu, ma'aikatanku kuke kashewa.

Kawu Ummaru: To ke ki duba abin. Baƙi-baƙi, ƙahwa shida, da ɗan ja-ja bisa baya, jikinai kamar na ɗan kada. Ga darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsotsar shuka, ta cika ganye, ga shi kuma tsakiyarta. Wanda anka iske wurin ɓarna ai shi aka kamawa.

Nasiru: Ni ma da haka zan yi. Wane ƙwaro ne?

Asma'u: Ka san ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, mai kama da ƙaramar ƙwarya a kife, wanda yara ke ɗorawa a tafin hannu har ya tashi? Turawa na ce masa ledibad. To abin da Kawu ke kashewa tsutsarsa ce. Uwar takan saka ƙwai rawaya a tsaitsaye, kamar 10 zuwa 50 wuri guda, a ƙarƙashin ganye, kuma da gangan take zaɓar inda darɓa ta taru. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai su ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi mako 2 zuwa 3 ba ta da aiki sai ci, sannan ta manne a ganye ta daina motsi, bayan kamar mako ta fito da fuka-fuki. Babban yakan iya cinye darɓa 50 a yini.

Kawu Ummaru: Ƙwan ma na san su. Su ma shahe su nikai.

Asma'u: Ka ji ko, Nasiru?

Nasiru: Amma tsaya. Darɓa 50 a yini, ganye guda kuwa sai ka ga ɗaruruwa. Ba zuba gishiri a gulbin Rima ba ne wannan?

Asma'u: Tambayar tana da kyau. Darɓa ba ta jiran namiji, macen haihuwa take yi kai tsaye ba ƙwai ba, 'ya'yan kuma cikin kamar mako guda sun fara haihuwar nasu. Shi ya sa lokaci ne komai. In ƙwaron yana wurin tun darɓar tana 'yar kaɗan, zai danne ta. In an bari ta nannaɗe ganye, ya makara. Abin da ke ɓata lissafin kuma shi ne feshi. Maganin da ke kashe kowane ƙwaro yakan share duka biyun, amma darɓa ta fi saurin dawowa, sai ta tarar da fili ba mai tsaro.

Kawu Ummaru: Wanga gaskiya na. Bara sau uku nay yi feshi ga tattasai, kowane karo sai ta komo ta hi da. Har nic ce ko maganin jabu na anka saida min.

Asma'u: Mai yiwuwa maganin lafiyarsa ƙalau. Kuma fa darɓa ba tsotson ruwan ganye kaɗai take yi ba, cuta take ɗauka daga shuka zuwa shuka. Irin da ke kama wake ita ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa. A 1975 cutar ta lalata gyaɗa kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya.

Kawu Ummaru: Ina yaro sannan. Gyaɗa ta ƙanƙance, ganye ya yi rawaya, ka tuge ba ka iske komi ba. Manyanmu ba su manta shekarar ga ba.

Nasiru: To an taɓa yin aikin da wannan ledibad ɗin a wani wuri ya ci, ko maganar littafi ce?

Asma'u: An yi. A 1888 gonakin lemo na Kalifoniya a Amurka sun kusa durƙushewa saboda wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke manne wa rassa. Aka tura wani masani, Albert Koebele, zuwa Ostareliya inda ƙwaron ya samo asali, ya dawo da wani ɗan ledibad da ke cinsa a can. Kafin ƙarshen 1889 an shawo kan annobar.

Nasiru: Sai mu ma mu yi odarsu ta intanet ke nan.

Asma'u: A'a, kada ka ɓata kuɗinka. Waɗanda ake sayarwa a ƙasashen waje galibi tashi suke yi su bar gonar cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wani na Asiya da aka kai Turai don wannan aiki, ya bazu, ya shiga Ingila a 2004, yana cinye har 'ya'yan ƙwarin gida. Namu suna nan, sun saba da zafin Sakkwato. Riƙe su kawai ake bukata.

Kawu Ummaru: Da mi za a riƙe su? Tunda ba awaki ba na balle in ɗaure.

Asma'u: Da abinci, Kawu. In darɓa ta yi ƙaranci suna lasar garin fure da zumarsa, don haka ku bar ɗan karas kaɗan ya yi fure a gefen kunya, ku sa layin masara a bakin lambu. Sannan ku lura da tururuwa. Darɓa na fitar da ruwan nan mai danƙo da zaƙi, tururuwa na sha, saboda haka take gadinta kamar yadda Bafulatani ke gadin shanunsa, tana korar duk ƙwaron da ya matso. Inda kuka ga tururuwa na hawa da sauka a shuka, juya ganyen. In abin ya yi yawa a wuri guda, a cire ganyen da ya fi lalacewa, ko a fesa ruwan 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu da yamma, a wurin kaɗai, don shi ma yana iya taɓa tsutsar.

Kawu Ummaru: Amma ni na taɓa ganin mai ɗigon ga shina cin ganyen kankana, da idona.

Asma'u: Ba ku yi kuskure ba. Dangin sun kai iri 6,000 a duniya, a cikinsu akwai masu cin ganye. Shi wancan launinsa ruwan lemo ne a dushe, bayansa da ɗan gashi-gashi, ba ya sheƙi, kuma yakan kankare ganye ya bar shi kamar raga. Mai cin darɓa sumul yake, yana ƙyalli.

Kawu Ummaru: To albasa hwa? Nan kuɗina suke.

Asma'u: Ƙananan ƙwarin albasa cikin maƙogwaron ganye suke ɓuya, ba kasafai ledibad yake cim musu ba. Wannan sai mun ware masa shiri guda.

Nasiru: Sai mako mai zuwa ke nan. Kawu, za ku dawo?

Kawu Ummaru: In ban da ban ruwa ranar. Ke kuma Asma'u, gobe da sahe ki zo lambu ki nuna min mai gashi da mai sheƙi, idona ba kamar da ba.