Yadda laka ke kare tsokarka tun kafin ƙwaƙwalwa ta samu labari

Jama'a barkanmu da warhaka. Ka taɓa taka ƙusa ba takalmi, kafin ma ka ji zafin sosai har ƙafar ta riga ta tashi sama? To ba ƙwaƙwalwarka ce ta ba da wannan umarnin ba, laka ce, wato jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya wadda jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta. Ita ke yanke hukunci nan take, daga baya ne labari ke isa sama.

Bari mu fara da gwajin da likita ke yi. Kana zaune bakin gado ƙafa na lilo, ya ɗauko 'yar gudumar roba ya ɗan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwarka, sai kawai ƙafa ta yi harbi gaba. Me ya faru? Bugun ya ɗan ja tsokar gaban cinya, a cikin tsokar kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu siffar mazari, aikinsu kawai su ji an miƙe tsoka, suna ji sai saƙo ya tafi laka da gudun da kan kai mita 100 a sakan ɗaya, can ya haɗu kai tsaye da jijiyar da ke ba tsoka umarni, mahaɗa ɗaya tal ba ɗan aike a tsakani, umarni ya dawo tsoka ta tsuke. Wasu likitoci biyu a Jamus, Erb da Westphal, su suka bayyana wannan a 1875. Kuma yanzu haka in a tsaye kake wannan martanin ne ke ta gyara maka tsayuwa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe ya maido ta, kai ba ka ma sani ba.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba tsukewar ba ce, sakin ne. Kowace gaɓa akwai tsoka mai lanƙwasa ta akwai mai miƙar da ita, in duka biyun suka ja lokaci guda ai gaɓar ba inda za ta. Shi ya sa saƙon da ya ce wa tsokar gaban cinya ja, shi ne dai ke bi ta wata ƙaramar jijiya cikin laka ya ce wa ta bayan cinya ke kuma saki. Charles Sherrington na Ingila ya yi aiki sosai kan wannan, har ya samu kyautar Nobel a 1932. Akwai kuma wasu masu gadin a inda tsoka ta haɗu da agara, da sunan Camillo Golgi na Italiya ake kiransu, su ƙarfin jan suke aunawa, su taimaka a daidaita shi.

Shi kuma mai taka ƙusa, ƙafa ɗaya ta tashi, to me ya hana shi faɗuwa? Saƙon yana tsallakawa ɗaya gefen lakar, ɗaya ƙafar ta ƙara miƙewa ta ɗauki nauyin jiki duka, duk a ƙasa da sakan.

In kana so ka ga darajar wannan sakin, dubi mai ciwon tetanus, cutar da ƙwayarta ke shiga jiki ta rauni kamar sukar ƙusa. Dafin ƙwayar cutar yana toshe jijiyoyin nan masu cewa tsoka saki, sai muƙamuƙi ya ƙulle, wuya ya sandare, baya ya gantsare, ƙaramin sauti ko haske ma ya isa ya sa jiki duka ya ɗaure, wani lokacin har ƙashi ya karye saboda ƙarfin jan. Don haka in ƙusa ta soke ka, laka ta ɗaga ƙafa dai, amma wanke ciwon da zuwa asibiti a duba maganar allurar tetanus wannan aikinka ne, don Allah kar a yi wasa da shi.